Injin da ke ƙarƙashin buhu

Shekarun baya, lokacin da na gama difloma ina yawo da takardu a jaka kamar mai tallarsu, na samu aikin wucin gadi a wata kwaleji da ke Samaru. Wata ƙungiya ce daga ƙasar waje ta ba kwalejin tallafi don a buɗe azuzuwan koyar da sana'a ga mutanen da boko ya wuce su, waɗanda suka tsaya a firamare da waɗanda ko firamaren ba su leƙa ba. Akwai ɗinki, akwai aikin wutar sola, akwai walda. Ba a biyan ko sisi, kuma duk wanda ya kammala za a ba shi takardar shaida da kayan aiki sabbi fil. Aikina shi ne in shiga unguwanni in nemo ɗalibai, in kuma riƙa ɗaukar hotuna. Aka ba ni riga mai tambarin shirin, da kati na ratayawa a wuya, da kyamara. Da kun ga tafiyata a lokacin, sai ku rantse ni na ɗauko tallafin daga Turai a cikin jakata.

Mutum na farko da ya faɗo mini a rai shi ne yayana.

Mu 'yan Unguwar Gabas ne a Sabon Gari. Mahaifinmu ya yi aiki a wata masana'anta a Chikaji, kuma a can ya yi aboki, wani mai walda ɗan kudancin Kaduna, Kirista, wanda duk gidanmu muke kira Baba. Da ciwo ya ci ƙarfin mahaifinmu, shi da kansa ya kama hannun yayana, yana tafiya yana hutawa, ya kai shi rumfar Baba ya ce ga amana nan. Yayana bai ko gama firamare ba. Daga ranar ya ajiye littafi ya ɗauki guduma, kuma ɗan abin da yake samowa da shi aka riƙa saya mini takalmin makaranta da littattafai. Ni na yi karatu, shi ya yi ƙarfe.

Shekara da shekaru suka wuce. Yayana ya yi gemu, dangi suka fara yi masa zancen aure, amma har lokacin sunansa a Chikaji yaron Baba. A al'adar masu walda na wajenmu, ɗan koyo ba ya tashi ya buɗe rumfarsa don kawai ya iya aiki. Sai maigidansa ya yaye shi. A tara sauran masu sana'a, a yi addu'a, a raba goro da lemo, sannan maigidan ya fito da injin walda ya damƙa masa a gaban kowa. Wanda ya fita ba yaye, ko da ya fi kowa iya aiki, 'yan sana'a ba sa tura masa mai aiki, ba sa ara masa komai, in aka ambace shi sai a ce ai wanda ya gudu ne. Sa'o'in yayana duk an yaye su, wasu har sun ɗauki nasu 'yan koyon. Shi kuwa shiru.

Ni dai na daɗe da yanke wa Baba hukunci a zuciyata. Na ce ya samu maraya mai hannu ne ya riƙe, don in ya sake shi rumfar ta mutu. Kuma ni ba mai iya ajiye magana a ciki ba ce, a tsakar gida nake faɗa. Mahaifiyata sai ta ɗago daga tankaɗen da take yi ta ce, "Ki iya bakinki, Auta. Mutumin nan da ƙafarsa ya bi gawar ubanku har maƙabarta." Ni kuma in ce bin gawa daban, yaye daban.

Da na kawo wa yayana zancen ajin walda, dariya ya yi.

"Ni da gemuna in koma zama a benci? Me za su koya mini a walda?"

"Yaya, ba walda kaɗai ba ce. Akwai karatu, akwai lissafi, akwai karanta zanen gini. Kuma in ka gama da injinka za ka fito."

Da na ambaci inji, dariyar ta ɗauke. Ya koma kallon tafin hannunsa. Mahaifiyata ce ta sa baki, ta ce ya je, ko don ya iya rubuta sunansa ba tare da ya yi gumi ba. A ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗi guda: kada Baba ya ji. Na ɗauka tsoro ne, har na ƙara jin haushin tsohon.

Ajin bayan la'asar ake yi, wasu ranaku a mako. Ranar farko ni na raka shi. A bakin ajin ya tsaya yana shafa ƙyauren, ya ce mini a hankali, "Wannan mu muka haɗa shi. Na zo kafa shi, mai gadi ya hana ni wucewa ciki in sha ruwa." Sai ya gyara hularsa ya shiga ya zauna a bencin gaba. Na juya baya don kada ya ga idona.

Ban taɓa ganin mutum ya kama karatu da yunwa irin ta yayana ba. In ya dawo gida ya yi wanka, sai ya shimfiɗa takarda a tabarma, ya riƙe fensir da yatsun nan nasa masu kanta, yana zana ƙofa da taga yana rubuta awonsu a gefe. Wani lokaci fensirin ya karye don ƙarfin riƙo. In na gyara masa rubutu sai ya ce, "To, Malama, a yi mini a hankali, ni ba ɗan Samaru ba ne."

Abin da na riƙa tambayarsa shi ne yadda yake sulalewa daga rumfa ba tare da Baba ya gane ba. Ya ce ikon Allah ne kawai. Duk ranar da ake aji, bayan azahar sai Baba ya tuno da wani aike a Samaru. Yau a je a auno tagar wani malami, gobe a je a duba ƙofar wani gidan ɗalibai, kuma ya ce in ka gama kada ka wahalar da kanka da dawowa. Na yi dariya har da tafa hannu. Na ce tsoho da wayonsa, ga shi da kansa yake tura ka makaranta bai sani ba.

Da aka kusa kammalawa, injinan suka iso. Na shiga sito na gan su jere a kwali. Ƙanana ne, rawaya, kowanne bai fi akwatin rediyo ba, da igiyar ratayawa a kafaɗa, da tambarin masu tallafin manne a jiki. Masu tallafin sun kafa doka, kuma ban ga laifinsu ba, don an sha raba kaya a wasu wurare su ɓace a hanya. Dole kowane ɗalibi ya zo da kansa ranar biki, ya karɓi injinsa a gaban jama'a, a ɗauki hoto. Wanda bai zo ba, injinsa na 'yan aji na gaba ne.

Na dawo gida ina rawar jiki, na nuna wa yayana hoton injin a kyamara. Ya kalla ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini.

"Ba zan karɓa ba."

Na ɗauka zolaya ce. "Yaya, bar wasa."

"Ba a yaye ni ba, Auta. Ba zan riƙe inji ba kafin Baba ya ba ni."

"To ai ga kwaleji za ta yaye ka! Da takarda, da hatimi, da manyan baƙi!"

"Kwaleji aka kai ni aka ce ga amana?"

Nan fa bakina ya ɓalle. Na ce mutumin nan zai riƙe ka har ka yi furfura. Na ce mutane daga wata duniya sun tausaya maka, kai ba ka tausaya wa kanka ba. Na ce in wannan dama ta wuce, a yaron Baba za ka mutu. Yayana bai taɓa ɗaga mini murya ba tun tasowarmu, kuma ranar ma bai ɗaga ba. Tashi kawai ya yi ya sa takalminsa, ya ce, "Akwai abin da ba ki sani ba." Ya fita.

Na juya wajen mahaifiyata ina neman mai goya mini baya. Ta ce, "Tunda bakin yana miki ƙaiƙayi, ki kai wa mai shi mana. Amma ki fara da gaisuwa."

Washegari daga ofis na hau adaidaita, da rigata mai tambari da katina a wuya. Tun daga Samaru har Kwangila ina shirya jawabi, daga Kwangila zuwa Chikaji ina gyara shi. Akwai 'yancin ɗan'adam a ciki, akwai ci gaban matasa, duk kalmomin da na haddace a taron bita na zuba su. Na yi sa'a yayana ba ya nan, an aike shi sayen ƙarfe.

Baba gajere ne, kansa fari fat, idanunsa jajaye saboda hasken walda, da tabarau ɗaure da roba ta bayan kai. Yana ganina ya ajiye abin da ke hannunsa.

"A'a! Malama da kanta! Sannu da zuwa, yarinya na. Yaya Mama?"

Ya share mini benci da hularsa. Na gaishe shi, na tambayi mutanen gida, sannan na gyara murya na ce na zo ne a kan maganar Yaya.

"Maganan makarantanku?"

Na ce, "Ashe ka sani, Baba?"

Ya yi dariya har yana tari. "Yarinya na, mutum ya kwana ya tashi ya fara zana ƙofa a takarda kafin ya yanka ƙarfe, ni na koya masa? Kuma tagogi nawa ne a Samaru da zan dinga aikensa awo kullum? Na ƙare ƙarya, har na fara maimaita gidajen."

Rabin jawabina ya zube a nan. Amma taurin kai bai bar ni ba. Na ce, "To Baba, tunda ka sani, kuma kana son ci gabansa, me ya sa har yau ba ka yaye shi ba?"

Tambaya ce da ba a yi wa babba, na sani tun kafin ta gama fita. Baba ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya mayar, sannan ya tashi ya yafuto ni. A can ƙuryar rumfar, bayan tarin guntayen ƙarfe, akwai wani abu rufe da tsohon buhu. Ya ɗaga buhun.

Inji ne, ko in ce rabin inji. Masu walda na wajenmu da hannu suke haɗa injinsu. A jera faifan ƙarfe a cikin katako, a yi ta naɗa waya a jiki har ta cika. Wannan katakonsa a goge yake sumul, an jera ƙarfen tsaf, amma wayar ta tsaya a tsakiya, bakinta a lanƙwashe yana jiran ci gaba.

"Yawancin mutane da wayan alminiyam suke naɗawa," in ji Baba. "Ta fi araha, amma tana zafi, ba ta daɗewa. Ni na ce ɗan abokina ba zai fita da alminiyam ba, sai jan ƙarfe. Na fara tun kamfanin da babanku ya yi aiki yana ba mu aiki. Kamfani ya rufe. Na ci gaba kaɗan-kaɗan. Mamanku ta kwanta asibiti, na warware na sayar. Na sake farawa. Kullum ina cewa baɗi." Ya taɓa bakin wayar da yatsa. "Baɗin ne bai zo ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, da ni da katin wuyana. Da ƙyar na ce, "Yaya ya sani?"

"Shi ke share wajen nan kowace safiya. Komai nauyin abu sai ya ɗaga ya share ƙarƙashinsa. Buhun nan kaɗai bai taɓa taɓawa ba, sai dai ya zagaye shi da tsintsiya. Ke kya ce bai sani ba?"

Sai a lokacin na gane. Mutum biyu a rumfa ɗaya, daga safe har yamma, kowanne yana riƙe da sirrin ɗan'uwansa yana yi masa kara. Ɗaya yana ƙirƙiro aike don kada yaro ya ji nauyin neman izini. Ɗayan yana shirin barin sabon inji ya wuce shi, don kada ya shigo da shi ya mayar da abin da ke ƙarƙashin buhu abin dariya.

Baba ya mayar da buhun ya tambaye ni, "Injin naku, yana da kyau?"

"Yana da kyau, Baba."

"Ba ya cin wuta?"

"Malaminsu ya ce ƙaramin janareta ma yana ɗaukarsa."

Ya daɗe yana gyaɗa kai. "To ki ce masa ya je ya karɓa."

"Ya ce sai an yaye shi."

"Za a yaye shi."

"Da me?" Haka ta fito, kafin in kama ta.

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Bakin nan naki na ubanki ne sak."

Don in wanke kaina, sai na kawo dabara. Na ce zan roƙi shugabar shirinmu ta ba mu aron injin kafin biki, mu ɓare tambarin, Baba ya miƙa shi a wajen yaye kamar shi ya saya, daga baya mu manna tambarin mu mayar. Ni a ganina na warware komai. Baba ya girgiza kai. Ya ce shi bai taɓa ba yaro abin wani ya ce nasa ne ba, kuma ba zai fara da ɗan abokinsa ba. Ya ce in je gida in gaya wa Mama ta shirya, ranar Asabar ne.

Ranar Asabar aka share gaban rumfa aka jera benci. Masu walda na layin suka zo, tsofaffi da matasa. Mahaifiyata ta aiko da waina da zoɓo. Limamin masallacin layin ya yi addu'a, wani dattijo daga cocin su Baba shi ma ya yi tasa, aka shafa. Aka raba goro. Kowa ya san abin da ya rage, kuma kowa yana ɗan leƙen cikin rumfa ya ga irin injin da aka daɗe haka ana tanadi.

Baba da yayana suka ciccibo shi da buhunsa suka ajiye a tsakiya. Baba ya yaye buhun da hannunsa.

Wani tsoho ya yi gyaran murya ya sunkuyar da kai. Wani matashi a bayana ya fara raɗa, na kusa da shi ya taka masa ƙafa. Waɗannan mutane ne da suka san inji ciki da waje, kallo ɗaya ya ishe su.

Baba ya tsaya da hularsa a hannu. Ya ce, "Ku duka kun san yadda ake yi, kuma kun ga abin da ke gabanku. Nan hannuna ya kai. Yaron nan ya isa yaye tun tuni. Ni ne ban isa ba, kuma kunya ta hana ni faɗa, na riƙe shi. Ubansa ya yafe mini. Jibi mutanen wata ƙasa da ba su taɓa ganinsa ba za su ba shi inji a makaranta. Na gode musu, kuma da izinina zai karɓa. Wanda zai tura mini aiki, ya tura masa."

Yayana ya durƙusa. Baba ya ɗora hannu a kansa, bakinsa yana motsi, ba a jin abin da yake faɗa.

A al'ada, wanda aka yaye shi ke fita da injinsa a idon jama'a. Aka kawo baro aka ɗora. Wani abokin yayana, don ya rufa asiri, ya ɗauko buhun zai lulluɓa. Yayana ya karɓe buhun ya ninke ya miƙa wa Baba. Haka ya tura baron nan a buɗe, rabin waya tana ƙyalli a rana, ya bi layin masu walda daga farko har ƙarshe. A bakin kowace rumfa sai ya tsaya ya yi gaisuwa, ya ce ga abin da Baba ya ba ni. Bai yi sauri ba, bai sunkuyar da kai ba. Ni da ake biya don ɗaukar hoto, kyamara tana wuyana har aka watse ban tuna da ita ba. Kuka nake yi kamar wadda aka daka.

Ranar biki yayana ya je kwaleji da sabuwar shadda. Wata baƙuwa da ta zo daga wajen masu tallafin ta miƙa masa injin da takardar shaida, na ɗauki hoto, ya fito da kyau. Can a kujerun baya na hango Baba cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, yana tafi da hannu sama.

Bayan biki aka ba ni aikin rubuta bayani a ƙarƙashin kowane hoto don rahoton da za a aika ƙasar waje. Akwai jimlar da muka saba sakawa, mai cewa kafin shirin nan wane ba shi da sana'a, ba shi da mai taimaka masa. Na zo kan hoton yayana, yatsuna suka ƙi. Na daɗe a gaban kwamfuta, sannan na rubuta cewa ya zo mana da sana'arsa da maigidansa, mu karatu da inji muka ƙara masa. Shugabar shirinmu ta karanta ta kira ni ta ce me nake nufi. Na ba ta labarin. Da za a ɗauki 'yan aji na gaba, sai ta ce mu fara bi ta wajen iyayen gidansu. Wasu sun karɓe mu da goro, wasu sun kore mu, wani ma ya ce in har da gaske muke shi ma a rubuta sunansa.

Ina jin mutane suna zagin irin waɗannan shirye-shiryen, wai duk hoto ne da cin kuɗi. Ni ba zan iya zaginsu ba, don na ga abin da wannan ya yi a gidanmu. Injin nan rawaya ya yi aiki kamar ba gobe. Da takardar shaidar yayana ya samu aikin tagogi da ƙofofi a gidajen ɗalibai na Samaru, irin aikin da sai ka iya karanta zane ake ba ka. Ya yi aure, ya gyara wa mahaifiyata ɗaki. Wasu mutane da ba za mu taɓa haɗuwa da su ba sun buɗe masa ƙofar da talauci ya rufe tun yana yaro, kuma har gobe ina yi musu fatan alheri.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ni, 'yar gida, na fi baƙin rashin sani. Su suna nesa, suna da uzuri. Ni kuwa a Unguwar Gabas aka haife ni, amma da aka rataya mini kati a wuya sai na fara kallon yayana kamar mutumin da ya faɗo daga sama, ba kowa a bayansa, yana jiran a cece shi. Na manta cewa duk wanda ya shigo ajin nan akwai wanda ya riƙe shi kafin mu, ko da riƙon bai cika ba. Har yau in na ga mutum yana ƙin abin da kowa ke ganin alheri ne, nakan ɗan ja bakina in jira, ko da yake mahaifiyata ta ce jan bai kai yadda take so ba.

Rabin injin kuwa, a ƙuryar sabuwar rumfar yayana ya zauna, ba buhu a kansa. Jan ƙarfe ya yi tsada, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka yi ta zarya, ya ce ba na sayarwa ba ne. Ashe duk aikin da ya samu mai ɗan kauri, sai ya sayo waya ya ƙara.

Wata rana, bayan na daɗe da barin kwalejin, ya kira ni ya ce in zo rumfa. Na tarar ya ɗauko Baba a babur. Lokacin Baba ya daina aiki, idanun sun kusa tafiya gaba ɗaya, sai an riƙe masa hannu. Aka zaunar da shi kusa da injin. Yayana ya kunna. Injin hannu yana da wani ƙugi mai kauri da ake ji har a ƙirji, wanda rawayan nan ba shi da shi.

"Ku yi shiru," in ji Baba.

Ya karkata kai yana saurare. Ya daɗe. Sannan ya ce a kashe, ya miƙo hannu yana lalube.

"Ina nawa naɗin ya tsaya?"

Yayana ya kama yatsansa ya ɗora a inda tsohuwar waya, wadda ta yi duhu, ta haɗu da sabuwa.

"Nan ka tsaya, Baba. Daga nan na ɗora."

Baba ya bi wurin da yatsa, ya koma baya, ya sake bi. Hawaye suna bin kumatunsa, bai share ba.

"Ban ji gaɓan ba," ya ce. Ya lalubo kan yayana ya dafa. "To, yaro na. Yau kai ka yaye ni."